Kiyaye Bututun Ruwa, Tanki da Famfo a Lokacin Hunturu

Jawabi ga 'yan kwamitocin ruwa da masu gidaje na ƙauyukan ƙasar Funtua da Malumfashi

  Na san wasunku sun baro masara a gona ba a gama kwashewa ba, wasu kuma auduga na jiransu, saboda haka zan tafi kai tsaye ga abin da ya tara mu.

Maganarmu ta yau a kan ruwa ce. A nan ƙasarmu ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu ko Yuni. Wata bakwai ke nan da rayuwar gida da ta dabbobi take rataye a kan rijiya, famfon tuƙa-tuƙa, ko rijiyar burtsatse mai tanki. Akwai madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye a ƙasar Funtua, akwai na Malumfashi, amma ruwansu bai iso yawancin ƙauyukanmu ba. Abin da ke hannunmu shi ne namu. Idan ya lalace a tsakiyar rani, ku iyayenmu mata da 'yan matanmu ku ne za ku ɗauki jarka ku nufi rafi tun da asuba cikin sanyi, kuma kowa ya san fita daji da duhu ba abin wasa ba ne a shekarun nan na rashin tsaro.

Shin sanyi yana fasa bututu?

Tambaya ce da ake yawan yi, musamman yanzu da matasa ke ganin bidiyo a waya na gidajen Turawa da ruwa ya malale. Amsar ita ce, yana fasawa, amma a ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Ruwa yana zama ƙanƙara idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0. Idan ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Duk mai sayar da zoɓo ko lemo ya san haka, domin idan aka manta kwalba cike a cikin firiza, da safe za a tarar ta fashe. A cikin bututu kuwa, ƙanƙarar tana toshe hanya, tana ƙara girma, tana matse ruwan da ya rage tsakaninta da kan famfon da ke rufe, har bututun ya yage.

A watan Fabrairu na 2021 an yi wani mugun sanyi a jihar Teksas ta Amurka. Wutar lantarki ta ɗauke, bututu suka farfashe a gidaje da tituna, mutane fiye da miliyan 14 suka shiga matsalar ruwan sha, fiye da 200 suka rasu. Mutanen irin waɗannan ƙasashe suna binne bututu da zurfi inda sanyi ba ya kaiwa, suna naɗe na waje da abin riƙe ɗumi, suna zubar da ruwan da ke cikin bututun tsakar gida kafin sanyi ya shigo, wani lokaci kuma su bar famfo yana ɗiga dare farai domin matsin ya sami mafita. Idan kuna da ɗa ko 'ya da ke karatu ko aiki a Kanada ko Ingila, waɗannan shawarwari nasu ne. Ko a Nijar, a tsaunukan Azbin da hamadar arewa da Agadas, ruwa kan daskare da dare a wasu shekaru.

Mu a nan, ko a tsakiyar jaura, watan Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 15. Yana sa haƙora kaɗawa, yana fasa leɓe da diddige, amma bai kai ya daskarar da ruwa ba. Don haka kada wani ya bar famfo yana ɗiga da sunan kare shi daga sanyi. A wurinmu wannan ɓarna ce kawai. Famfon da ke ɗiga ɗigo ɗaya kowane daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a rana, wato jarka ɗaya da rabi mai lita 20. A wata bakwai na rani ya wuce lita 6,000. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana. Kun ga famfo ɗaya mai ɗiga ya fi mutum ɗaya shan ruwa.

To, me ke fasa namu bututun?

Duk da haka, duk mai gyaran famfo zai gaya muku cewa aiki yakan yi masa yawa daga Disamba zuwa Afrilu. Dalilai huɗu ne.

Na farko, canjin zafi da sanyi. Bututun roba, wanda ake kira PVC, yana miƙewa idan ya ji zafi, yana tsukewa idan ya ji sanyi. Wanda aka bari a fili yakan yi zafi da rana har ya wuce digiri 40, da asuba ya koma kusan 12. Wannan bambanci yana sa bututu guda mai tsawon mita 6 ya ƙaru ya ragu da fiye da santimita 1 kowace rana. Idan an jera guda 10 daga tanki zuwa gida, motsin ya fi faɗin tafin hannu. Kullum ana ja ana saki, wurin da aka haɗa da gam shi ne zai fara gajiya.

Na biyu, hasken rana. Yana cin robar a hankali. Za ku ga bututun ya koɗe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Irin wannan ya rasa danƙonsa. Sanyin safiya kuma yana ƙara masa tauri, sai ka ga jaki ya taka shi ko yaro ya jefa dutse, ya tsage kamar ƙwarya.

Na uku, wuta. Bayan girbi ko'ina kara ne da busasshiyar ciyawa. Yara suna cinna wa daji wuta wajen farautar gafiya, manya suna hura wutar jin ɗumi a gindin bango, iska kuma tana kaɗawa daga arewa maso gabas. Roba ba ta bukatar harshen wuta ya taɓa ta, hucin kaɗai ya isa ya lanƙwasa bututu ko ya huda tanki.

Na huɗu, yawan jama'a da dabbobi. Idan tafkuna suka ƙafe, kowa yana komawa kan famfo ɗaya. Shanu, awaki, amalanke da babura duk suna bi ta kan bututu, famfon da ke hutawa da damina sai ya koma aiki daga asuba har dare.

Yadda za a kiyaye bututu

Babban magani shi ne binnewa. A nan mu da mutanen ƙasashen ƙanƙara mun haɗu, domin ƙarƙashin ƙasa zafi da sanyi ba sa canjawa sosai. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2, wato santimita 60, ya ɗan wuce gwiwar babban mutum. Inda amalanke ko mota ke wucewa a kai shi ƙafa 3, ko a zura bututun cikin wani babban bututun ƙarfe. Inda ya ratsa gona kuma kada a rage zurfin, domin garmar shanu tana tsinka wanda ke sama-sama.

A tsince duwatsu daga cikin ramin, a shimfiɗa yashi mai laushi, a kwantar da bututun, a sake rufa masa yashi kafin a mayar da ƙasa. Kada a ja shi ya miƙe sambal kamar tsirkiya. A bar shi ya ɗan yi kwana-kwana a cikin ramin domin ya sami wurin motsi. A rufe ramin da safe lokacin da bututun yake da sanyi. Kafin a rufe wuraren haɗi, a saki ruwa a duba ko akwai yoyo. Bayan haka a kafa duwatsu ko a shuka wani abu a kan layin, a kuma zana taswirarsa a littafin kwamiti, domin wanda zai haƙa tushen gini ko masai gobe ya san inda yake.

Ku lura, wannan aiki na yanzu ne. A watan Nuwamba ƙasa tana da sauran laima, diga yana shiga. Idan aka bari sai Fabrairu, aikin da matasa za su gama a yini ɗaya zai ci yini uku.

Akwai ɓangaren da dole ya fito fili, kamar wanda ya tashi daga ƙasa zuwa kan famfo da wanda ya hau zuwa tanki. Wanda ke riƙe da kan famfo a sa na ƙarfe, ko a gina masa ginshiƙin siminti, domin nan ne ake jingina jarka da bokiti. Wanda ya hau tanki a shafa masa farin fentin ruwa, irin na bangon ɗaki, shafi biyu. Kada a yi amfani da fentin mai a kan roba. Wasu suna naɗe shi da buhun algarara, amma gara tana cin buhu, wuta kuma tana kama shi da sauri. Idan za a sayi sabo don layi mai nisa, baƙin bututun nan mai zuwa a nannaɗe ya fi jure rana, kuma ba shi da yawan haɗi, amma shi ma binnewa ya fi masa.

Maganar haɗi kuwa, ina roƙon masu gyara su daina gasa bakin bututu a wuta domin su cusa wani a ciki. Yana saurin aiki, amma wurin da aka gasa yakan yi siriri, shi ne farkon tsagewa. A sayi mahaɗi na ainihi. A yanke bututu daidai, a goge bakin, a tabbata ya bushe ba ƙura, a shafa gam ciki da waje, a cusa a ɗan murɗa, a riƙe kamar rabin minti. Iskar hunturu tana busar da gam nan da nan, saboda haka a yi hanzari, a rufe gwangwanin da zarar an ɗiba. A bar aikin ya kwana kafin a saki ruwa.

Kowane layi ya kasance da makullin ruwa kusa da tanki, kowane gida kuma da nasa. Maigida ya nuna wa uwargida da manyan yara inda yake. Sau da yawa bututu yana fashewa maigida yana kasuwar Dandume ko Bakori, tanki ya tsiyaye ƙaf kafin ya dawo, alhali murɗa makulli ɗaya ya isa ya tsayar da asarar.

Ɗaure yoyo da robar tayar babur dabara ce ta kwana biyu, kafin a sayo kaya. Haɗarinsa shi ne, duk lokacin da ruwa ya ƙare a bututu, ƙazamin ruwan da ya taru a wurin yoyon yana komawa ciki. Idan bututun ya bi ta kwata ko kusa da turken dabbobi, abin da za a sha ke nan gobe. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu na gefen gari da ke samun ruwan gwamnati jefi-jefi.

Tanki

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 2,000 idan ya cika nauyinsa ya kai buhun masara 20. Ku tambayi kanku, wannan katakon ko ƙarfen da muka ɗora tankinmu a kai, za mu yarda mu jera masa buhu 20 yara suna wasa a ƙarƙashi? A duba ƙafafun ƙarfe daga gindi inda tsatsa ke ci, a duba katako ko gara ta shiga. Gindin tanki ya zauna a kan shimfiɗa sumul wadda ta tallafe shi duka. Ƙusa ɗaya ko tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi za ta huda shi da sannu.

Murfi ya rufu ruf, a ɗaure shi da waya. Ƙurar hunturu tana shiga ta ƙaramar kafa, ƙishirwa kuma tana jawo ƙadangaru da tsuntsaye su faɗa ciki su mutu. Bakin bututun da ruwa ke fita idan tanki ya cika, a ɗaura masa ragar sauro. Baƙin tanki ya fi wanda haske ke ratsawa, domin gansakuka ba ta tsira a duhu. Idan za a yi masa rumfa, a yi ta kwano. Rumfar zana ko kara a kan tankin roba gayyatar gobara ce.

A wanke tanki sau biyu, yanzu da kuma ƙarshen hazo wajen watan Maris. A zubar da lakar da ta kwanta, a goge da doguwar tsintsiya sabuwa, a ɗauraye. Idan za a sa sinadarin kulorin, a nemi ma'aikacin lafiya ya auna. Kada a zura yaro cikin tanki wai don shi ne zai iya shiga. A share ciyawa da kara taku biyar kewaye da tanki, a hana tara karan dawa ko harawa a gindinsa. Tankin da ba ruwa a ciki iska tana iya jefo shi, musamman guguwar farkon damina, don haka a ɗaure shi da kyau.

Sola da sumo

Ƙauyuka da yawa yanzu suna da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. A hunturu hazo yana rage ƙarfin rana, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashin, sai tanki ya riƙa jinkirin cika. Kafin a ce inji ya lalace a kira mai gyara daga gari, a fara wanke gilashin. Sau ɗaya a mako ya isa, idan hazo ya yi yawa sau biyu. A wanke da sassafe ko da yamma, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi. Kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashi da tsakar rana, kada kuma a goge shi a bushe, domin ƙurar tana karce shi. A duba wayoyi, ɓeraye suna dawowa gari bayan an kwashe amfanin gona.

Shi injin da ke cikin rijiyar, wanda muke kira sumo, ruwa ne ke sanyaya shi. Ƙasarmu ta kudancin Katsina tana zaune a kan dutse, ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi, ba shi da yawa kamar na ƙasar yashi. Yana ja baya a hankali har ya kai ƙarshen ƙasa a Afrilu da Mayu. Idan kuka ga famfo yana tofar da iska, ruwa yana zuwa yana yankewa, ko ya fara fitowa da laka, ku kashe inji nan take, ku bar rijiyar ta huta ta tara. Injin da ya yi ta juyawa ba ruwa ƙonewa yake yi, kuɗin sabo kuwa ya fi ƙarfin yawancin ƙauyuka a tsakiyar rani. Akwai 'yar na'urar da ke kashe inji da kanta idan ruwa ya yi ƙasa, ku tambayi wanda ya haɗa muku ko ya sa ta. Kada kuma a saukar da sumo har gindin rijiya don neman ƙarin ruwa, yashi zai sha.

Famfon tuƙa-tuƙa, dakali da rijiya

Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa kusan famfon tuƙa-tuƙa 1 cikin kowane 5 ba ya aiki. A mafi yawan lokuta ruwa yana nan a ƙasa, wata 'yar roba ce ko noti ya lalace aka rasa mai canjawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Iri biyu muka fi gani. Akwai India Mark II da ɗan'uwansa Mark III, masu sarƙa a cikin kai. Wannan sarƙa tana son a goge ta a shafa mata giris kowane wata, a hunturu ma fiye da haka saboda ƙura. Kada a zuba baƙin mai, zai gangara cikin ruwan sha. Akwai kuma Afridev, wanda aka tsara domin mutanen ƙauye su iya gyarawa da kansu. Shi ba ya son giris, robobinsa ake canjawa idan sun cinye.

Ga gwaji biyu da kowace uwa za ta iya yi. A bar famfo ya huta rabin sa'a, sannan a tuƙa a ƙirga. Idan an wuce tuƙi 5 ruwa bai fito ba, akwai yoyo a ƙasa. Na biyu, a ƙirga tuƙi nawa ne ke cika jarka mai lita 20, a rubuta a littafi kowane wata. Idan adadin yana hawa, robar ciki tana cinyewa, a saya a ajiye tun kafin ta tsaya. A koya wa yara tuƙi mai tsawo a natse. Buga hannun famfo da ƙarfi da lilo a kansa su ne ke karya shi.

A duba dakalin siminti da ke kewaye da famfo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan wanki da fitsarin dabbobi ma ta tsaga suke komawa rijiya. A liƙe tsaga da kwaɓin kwano 1 na siminti da 3 na yashi. Idan sabon dakali ne, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Siminti da ruwa yake ƙarfi, iskar hunturu kuwa tana shanye ruwan kafin ya kama. A rufe aikin da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. A gyara magudana ta kai ruwa cikin rami mai duwatsu ko lambu, a gina wa dabbobi kwami nesa da famfo, a kewaye wurin da shinge. Masai kuma kada ya matso ƙasa da mita 30.

Masu rijiyar guga, ku yi mata murfi, ku rataye guga kada ya kwana a ƙasa. Idan lokacin yasa ya zo a bazara, kada a taɓa saukar da injin ban ruwa ko janareto cikin rijiya. Hayaƙinsa yana taruwa a ƙasa, yana kashe wanda ya shiga, ya kashe wanda ya bi shi ceto.

Abin da ke biyo bayan lalacewar famfo

Iyayenmu da ke nan sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi daidai lokacin noma. A ƙidayar da aka yi a 1988 an sami masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Da taimakon cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon, da tace ruwa da haƙa rijiyoyi, aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mun rabu da shi a 2013. Har yanzu akan same shi jefi-jefi a Chadi. Amma ruwan tafki bai daina cuta ba. A 2021 an sami waɗanda ake zaton sun kamu da kwalara fiye da 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya taɓa sosai. Ga taifot, ga tsargiya, ga gudawar yara. Kuɗin gado da ƙarin ruwa na yaro ɗaya a asibiti ya fi kuɗin mahaɗi da gam da giris na shekara guda.

Kuɗin gyara da kwamiti

Kayan gyara da kuɗi ake saye, kuma yanzu ne hatsi yake hannu. Bari in ba da misali. Ƙauye mai gida 60, kowane gida ya kawo tiya 2 ta masara, an sami tiya 120, wato kimanin buhu 3. A ajiye a wuri mai kyau, a sayar da ɗaya yanzu a sayi kayan gyara, sauran a riƙe su don ranar da abu zai lalace. Idan aka jira sai famfo ya tsaya a watan Afrilu, lokacin kowa yana neman kuɗin taki, karo-karo ba ya tashi.

Kwamiti ya kasance aƙalla rabinsa mata ne, domin su ne ke fara jin canjin ƙarar famfo. A sami ma'aji da magatakarda daban, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, a karanta a gaban jama'a kowane wata uku. Ko da famfon yana harabar majami'a ne, duk mai sha daga gare shi yana da haƙƙi da nauyi a kansa. A sa maƙwabtanmu Musulmi a cikin kwamiti, a zauna da ardo a tsayar da lokacin shayar da shanu da abin da za su riƙa bayarwa, tun kafin ruwa ya yi ƙaranci rai ya fara ɓaci. A zaɓi matasa biyu su koyi ƙananan gyare-gyare. Babban aiki kuwa, kamar ciro bututun rijiya ko wanke ta, a kai rahoto sashen ruwa da tsabta na ƙaramar hukuma da hukumar RUWASSA ta jiha, a rubuce, a riƙe kwafi.

Aikin da za a gama kafin Kirsimeti

1. A bi layin bututu daga tanki har famfo na ƙarshe, a binne duk wanda ke fili, a canja wanda ya koɗe.
2. A gyara duk kan famfon da ke ɗiga, a gwada kowane makullin ruwa.
3. A wanke tanki, a ɗaure murfi, a duba abin da yake zaune a kai.
4. A share ciyawa da kara kewaye da tanki, sola da famfo.
5. A sa wanda zai riƙa wanke gilashin sola kowane mako.
6. A yi gwajin tuƙi, a rubuta adadin, a liƙe dakali.
7. A tara hatsin gyara, a sayi mahaɗi, gam, giris da robobin famfo a ajiye.

Lokacin biki 'yan'uwa suna dawowa gida daga Kaduna, Kano da Abuja, bukatar ruwa tana ninkawa, shi ya sa na ce a gama kafin nan. Ina roƙon iyayenmu dattawa da masu unguwanni su tsayar da rana ɗaya ta aikin gayya cikin makonni biyu masu zuwa, shugabannin Zumuntar Mata da na matasa kuma su raba aikin tsakaninsu. Duk ƙauyen da yake son a zo a duba famfonsa tare da kwamitinsa, ya rubuta suna wurin magatakarda kafin a tashi.